Rasuwar Dattijuwa, Wadda Ta San Baƙi da Baƙi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da hancin da har yau bai huta ba, ni Mannir Maccido, mai ƙaramar maɗaba'a a bayan tashar Illela, ina sanar da rasuwar injin ɗab'ina, wadda muke kira Dattijuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha tara tana aiki.

Marigayiyar ba ta taɓa ɗaukar baƙi a matsayin abu ɗaya ba. Ƙananan rubutu, baƙi zalla take zuba musu, su fito tsaf ko tsoho ya karanta ba tabarau. In bangon littafi ne, sai ta shimfiɗa shuɗi a ƙarƙashi, baƙin ya yi zurfi kamar rijiya. In hoton mutum ne, ta ɗan tsarma ja, fuska ta fito da jini a jika. Duk wanda ya wuce layinmu ya san muryarta: cakas-cakas, cakas-cakas.

Ciwon ajalinta ya zo ne ta hannun Jabir, ƙanen matata. Na tafi Sakkwato sayen takarda, na bar masa kalandar ƙungiyar dillalan albasa. Tawada ta ƙare masa, sai ya samo wani gwangwani marar suna, wai daga tsallaken iyaka, ya juye mata shi duka. Da na dawo, wari ne ya fara tarbata tun daga bakin titi, kamar kifin tafkin Kalmalo da ya yi kwana uku a buhu. Abin ba baƙi ba, ba toka ba, wani yauƙi ne mai launin ruwan kwata. Dattawa goma sha biyu da ke jikin kalandar suka narke suka zama mutum ɗaya. Alhaji Lawwali, shugaban ƙungiyar, ya ɗaga takardar don neman fuskarsa, ta manne masa a yatsu. Ya tofar da yawu, ya kwashe aikinsa zuwa wani wuri.

Na tambayi Jabir dalili. Ya ce, "Yaya, baƙi ai baƙi na. Mi yar raba su?"

Kwana biyu muna wanke ta da kananzir. Rololinta masu shafa tawada suka kumbura, robarsu na saɓulewa kamar fatar ganda. Da muka kunna ta, ta yi "ƙirrr" sau ɗaya, ta yi shiru.

Ta bar wuƙar yankan takarda, da janareto mai tari, da ni.

Masu sayen tsohon ƙarfe za su ɗauki gawar ranar Lahadi bayan la'asar. Jabir ne zai ɗauki ɓangaren da ya fi nauyi. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar shago, amma don Allah kada kowa ya zo da fararen kaya, domin tawadar Jabir ta shafi bencin zama, kuma har yau bai bushe ba.