Ranar da Motata Ta Narke a Bukkuyum

Wallahi ba zan taɓa mantawa da kududdufin nan na bayan gidan Malam Bello ba, ko da an cike shi an gina bene a kansa! Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma tsaya, na faro daga tsakiya (haka nake in zance ya yi mini daɗi), bari in ɗan koma baya.

Ni tun ina ƙarami a Gummi nake ƙera motoci. Na fara da ta kara kamar kowa, na koma ta wayar ƙarfe, daga nan na faɗa gwangwani da katako. Sa'o'ina duk suka bari suka kama ƙwallo da babur, ni kuwa abin sai ƙara shiga raina yake yi. Ba wanda ya koya mini. Tasha nake zuwa in tsuguna ƙarƙashin manyan motocin da ke lodin shinkafa in yi ta leƙe, har wani direba ya taɓa kama ni da wuyan riga, wai batir na zo sata. A gida kuwa, in baƙi sun yi sallama, Inna sai ta ja zane ta rufe motocina, kar a ce ɗanta mai gemu yana wasan yara. (Gemun nan 'yan gashi ne a haɓa, amma ita ta ɗauke shi da muhimmanci.)

To ka ga mutum irina ranar da ya samu babbar waya aka jefa shi wani gurup na masu ƙera ƙananan motoci. Jama'a! Ashe ba ni kaɗai ba ne! Akwai tela, akwai ɗan sanda, akwai wani dattijo da ya yi ritaya, duk suna turo hoton motocinsu ana cewa ma sha Allah. Ranar da na tura hoton tifata ta farko wani ya tambaye ni yadda na lanƙwasa bodin. Tambaya fa, ba dariya ba. Na karanta saƙon nan har cajina ya ƙare. Duk duniya nan ne kawai ake ɗaukar abin da nake yi a matsayin aiki.

Sai dai gurup ɗin a rabe yake gida biyu. Akwai 'yan ado, masu yi da kwali da gam ɗin kanti, su shafe da fenti, su ajiye a kan kanta ana kallo. Motarsu ta fi ta gaske kyau, amma taya ko motsi ba ta yi. Akwai kuma mu 'yan aiki, da muka ce in mota ba ta gangara ba, ba ta ɗau kaya ba, to hoto ce kawai. Jagoran 'yan ado shi ne Sanusi, wani mai gyaran waya a Anka, mutum mai sanyin magana da iya tsokana. 'Yan aiki ba mu da jagora, amma ni na fi kowa baki, sai na naɗa kaina.

Kullum sai mun kwasa da Sanusi. Ya turo wata farar bas da har labule ya yi mata, na rubuta, “Wagga in anka yi atishawa kusa da ita sai ta kai Gusau.” Shi kuma ya ce tifata kamar an taka gwangwanin madara an manna mishi silifa. (Gaskiya tayoyina da tsohon silifa nake yanka su, amma ai ba haka ake faɗa ba.) Malam Bello, wanda ya buɗe gurup ɗin, malamin makaranta ne a Bukkuyum, shi ke raba mu kullum: “Ku yi haƙuri da juna, duk abu guda muka so.”

Yanzu ga inda sirrina yake. Masu aikin gwangwani da yawa da dalma suke liƙe shi. Ni kuwa tun lokacin da gubar dalma ta yi ɓarna a ƙauyukan wajen Anka da Bukkuyum, Inna ta rantse ko ƙyallin dalma ba zai shigo mata gida ba, kuma ban ga laifinta ba. Gam ɗin kanti kuma na 'yan ado ne, ina zan taɓa shi bayan duk abin da na faɗa? Sai na gano ƙaro. Eh, ƙaron nan dai na jikin itace. In jiƙa shi ya yi kauri, in tsoma siraran tsumma a ciki, in naɗe mahaɗar katako da gwangwani, in shanya a rana. In ya bushe, wallahi sai ka sa ƙarfi kafin ka ɓalle shi. Na ji kamar na ƙirƙiro jirgin sama. Ban gaya wa kowa a gurup ba, sai dai in ce “haɗin gida”.

Da wannan haɗin na ƙera babbar motar da na fi so a rayuwata, irin mai bodin katakon nan ta 'yan kasuwa. Tun sanyi nake aikinta har damina ta sauka. Sitiyarinta na juya tayun gaba da gaske. Na yi mata sifirin da bakin tsohon zarto, in ka danna bayanta sai ta lotsa ta dawo. Ƙofofi na buɗewa, har da ɗan tsani na yaron mota.

Ranar da na tura hotonta, kowa na yabo, sai Sanusi ya rubuto: “Ta yi kyau, Na Gummi. Saura a ga ko tana kai wata guda ba ta wargaje ba.”

Nan fa kaina ya ɗau hayaƙi. Maimakon in yi shiru, na danna na yi saƙon murya (har da gyaran murya, kamar mai wa'azi). Na ce motar gaske a ƙasarmu ita ce mai ratsa ruwa da damina. A haɗu, kowa ya ɗora wa motarsa kaya, a ja ta da igiya ta tsallake ruwa. Wanda tasa ta lalace, shi hita gurup ɗin, hita ta har abada. A lissafina kwali da ruwa ba sa haɗuwa, gwangwani kuwa me ruwa zai yi masa?

Malam Bello ya ce a bar maganar fita. Na ce sam. Sanusi ya ce ya yarda. Sai Malam ya ce to tunda mun nace, an yi masa haihuwa, mu zo suna, Bukkuyum ce tsakiya tsakanin Gummi da Anka, kuma akwai kududdufi a bayan gidansa.

Da safen ranar na sa farar shaddata ta Sallah. Inna ta dube ni ta dubi kwalin da na rungume.

“Suna za ka ko tallan gwangwani?”

“Inna, gasa ta. Yau za a san ɗanki.”

“An daɗe da sanin shi. Ka dai dawo da rana tsaka, ka san hanya ba ta da daɗi yanzu. Kuma kak ka ɓata rigag ga.”

Na hau bayan ɗan acaba, mota a cinyata, duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga ta sama kamar jaririya.

Gidan suna cike. Mu 'yan gurup da muka samu zuwa ba mu da yawa, amma labari ya riga ya zaga wai manya za su yi tseren motar wasa, sai ga 'yan suna sun biyo mu bayan gida, har da dattawa da tabarminsu. A nan na fara ganin Sanusi ido da ido. Na zata zan ga wani mai girman kai, sai ga ɗan siriri mai fara'a, ya rungume ni yana cewa, “Na Gummi! Ashe bakin ya hi mai shi girma!” Ya tsuguna ya daɗe yana kallon motata, har ya ce a ba shi izini ya juya sitiyarin.

Shi ya fara. Aka ɗora wa bas ɗinsa ɗan ƙullin gero a sama, wani ya zagaya ɗaya gefen da igiya ya ja. Ina tsaye ina jiran in ga kwali ya zama fate. Me zan gani? Bas ta hau ruwa tana lilo kamar kwalekwale! Ashe mutumin nan fentin mai yake shafa mata ciki da waje, shafi kan shafi, har ruwa ba ya samun wurin shiga. Ta isa gaɓa ko labulenta bai jiƙe ba.

Na ce wannan ai iyo ne, ba tuƙi ba. Na cika bodin tawa da tsakuwa, na ɗaura igiya a bambar gabanta, na tura ta da kaina aka ja. Ta shiga da ƙarfinta, tayu na juyawa a ƙasan ruwa, jama'a na sowa. Da ta kai tsakiya, ruwa ya kai mata ƙofa, sai ta kafe a laka. Daidai lokacin aka leƙo aka ce abinci ya fito.

Malam Bello ya ce, “Ciro ta mu ci abinci, sai a sake.”

Ku ji abin da bakina ya faɗa, a gaban dattawa: “A bar ta nan, Malam. Ko kwana tay yi cikin ruwan ga, ba abin da ka samun ta. Ba kwali ba ta.”

Muka je muka zauna. Na ci shinkafa da naman suna, na ƙara, na sha fura, ina ta ba mutane labarin yadda ake sifirin. Aka yi sallar azahar. Sannan muka koma, jama'a sun ma fi na farko yawa.

Na karɓi igiyar da kaina. Na naɗe ta a hannu, na ja a hankali. Sai na ji ta taho ba nauyi, har na fara murmushi. Abin da ya iso gabana bamba ce da fitilu biyu. Su kaɗai. Can tsakiya kuwa kan motar ya sunkuya kamar mai neman gafara, bodin ya buɗe gefe da gefe, tsakuwa ta zube, ga katakai sun taso suna yawo a kan ruwa, ƙofa ɗaya ta nufi gabas.

Sai wani dattijo, kawun Malam Bello, ya miƙa sandarsa ya ɗago wani tsumma da ya iso bakin ruwa, ya murza a yatsa, ya shinshina.

“Kai yaro, mi ka liƙe ta da shi?”

Na ce, “Ƙaro na, Baba.”

“Ƙaro? Wanga da muka tawada da shi?” Ya juya ya dubi jama'a, ya dawo kaina. “Kai ba ka taɓa wanke allo ba?”

Wayyo Allah. Dariyar da ta tashi har mata suka leƙo ta kan katanga. Ni da na yi shekaru ina wanke allona da ruwa ina kallon rubutu na narkewa, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Duk gwajin da na yi wa haɗina a rana na yi shi, na danna, na ja, na jefar, ban taɓa ɗiga masa ruwa ba.

Na tattare shadda na shiga. (Laka ta kai mini gwiwa, kuma ta riƙe takalmina ɗaya, har yau yana can.) Ina tsintar tayu ina zubawa a aljihu, sai na ji motsi a bayana. Sanusi ne ya naɗe wando ya shigo, yana dariya har da hawaye, amma yana lalube da hannu biyu. Shi ya ciro ƙasan motar. Ya ɗaga shi yana jujjuyawa, sai dariyar ta tsaya.

“Kai, Na Gummi, haka kay yi cikinta? Ku zo ku diba sifirin ɗin ga!”

Ni a lokacin ba yabo nake ji ba. Muna fitowa na goge yatsa a hula, na ciro waya. Malam Bello ya riƙe mini hannu, Sanusi ya ce wasa ne, ya yafe. Na ce ni na kafa sharaɗi, ni zan cika. Na danna na fita a gabansu, na ɗaure tarkacena a buhu, na hau babur da takalmi ɗaya. Inna da ta ga rigar, sabulu kawai ta ajiye mini a bakin ƙofa.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini tsawo. In ciro waya in duba, shiru. In ga wata mota a tasha da sabon irin bodi, in ɗau hoto, sai in tuna ba inda zan tura. Buhun nan ko kwance shi ban yi ba.

Ran nan ina zaune a ƙofar gida waya ta yi ƙara, Sanusi.

“Injiniyan ƙaro, kana lahiya?”

Na ce lafiya lau, a daƙile.

“To mu ba lahiya ba. Gurup ya mutu, kowa sai ma sha Allah, ma sha Allah, ba mai zagin kwalina. Kuma na lalata zarto ukku wajen sifirin ɗin nan naka, ya ƙi. Malam ya maishe ka yanzun ga. In ka sake hita, sai na zo Gummi na gaya ma Inna.”

Ina dubawa kuwa sai ga ni a ciki, har sun sauya hoton gurup ɗin sun sa bambar nan da fitilu biyu a ƙarshen igiya. Na yi niyyar yin fushi, sai na ji ina dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. A ranar na kwance buhu. Na sake haɗa ta da ƙananan kusoshi da wayar ƙarfe, inda ya gagara kuma na ɗiga gam ɗin kanti (eh, na 'yan ado, kar wanda ya ce mini komai). Na koya wa Sanusi sifirin ta bidiyo, yanzu bas ɗinsa har gangarawa take yi, ko da yake ya ce shi har gobe ɗan ado ne. Musu kuwa ba mu fasa ba, jiya ma mun yi a kan fenti.

Abin da na koya dai shi ne, kafin ka kira taro a kan abin da ka ƙera, fara gwada shi a bayan ɗaki inda daga kai sai kaji. In kuma har ka kira taron, to in an ce ka ciro motarka ku ci abinci, ka ciro ta.

Ku fa? Akwai wanda bakinsa ya taɓa kai shi tsakiyar kududdufi da rigar Sallah? Ku ba ni labari don Allah, kar a bar ni ni kaɗai.