Ƙafar Hagu ta Ajji Girija

"...to kin tashi lafiya, ko dai mirginowa kika yi daga gado?"

"Lafiya lau, ɗan neman magana. Tsallake, kada ka taka mini zanen adon ƙofa."

Katanga ɗaya ce tsakanina da Ajji Girija, wato Kaka Girija, a unguwarmu da ke birnin Mysuru na Indiya, kuma ban taɓa jin kunyar leƙe ba. Da damina ta faɗi a ƙofar gida tana cikin zanen garin shinkafa da take yi kowace safiya, ta kasa tashi sai da muka ɗaga ta. Tun daga nan ɗanta Vasu ya kafe: ranar Lahadi zai zo, in ba ta iya tashi daga ƙasa da kanta ba, sai ta bi shi birnin Bengaluru, can saman bene. Gidan nan kuwa cikinsa aka kawo ta amarya. Shi ya sa jikanta Nandan ɗan Vasu, mai koyar da motsa jiki na yoga, yake zuwa kullum da safe su yi ta sa-in-sa.

"Ajji, ina tabarmar roba da na sayo miki?"

"Tana ƙarƙashin kare."

"Kare?"

"Shi ma tsoho ne, ƙugunsa na ciwo. Kuma ya fi ka iya miƙar nan da kake koya wa mutane, ba wanda ya koya masa."

"Tubalin katakon fa? Na dafawa ne, in za ki sunkuya."

"Na ɗora tulun mangwaron tsami a kai. Kamar don shi aka yanka."

"Haba Ajji! Ni fa har daga Jamus ake zuwa wurina."

"A zo a ga me? Yaron da ya shekara biyu yana jan gindi a tsakar gidan nan? Ƙafafu kamar dafaffiyar kuɓewa. Ni na koya maka tsayuwa da hannun nan."

"To yau na zo ramuwa. Ki bi ni a hankali, tsohuwa, kada in sake ki in auro mai gwiwa."

"Wa za ta kwashe ka? Namiji da ɗaurin gashi kamar albasa!"

Yana dariya ya riƙe ta, ya saukar da ita daga kujera zuwa tabarmar kaba. Da ta ji ta a ƙasa sai ta dafe tabarmar da hannu biyu.

"Mirgina ta gefe," in ji Nandan. "Yawwa. Tafin hannu a ƙasa, ki hau gwiwa. Numfashi, Ajji, ba kuɗi ba ne da za ki ɓoye."

"Ga ni kamar saniyar bakin kasuwa. Ka ji daɗi?"

"Saniya ta fi ki biyayya. Kawo ƙafar hagu gaba."

"Ta dama dai."

"Gwiwar dama ce mai ciwo. Hagu."

"Ba ma magana da ita."

"Da wa?"

"Da ƙafar." Muryarta ta yi ƙasa. "Ba ciwo take yi ba, Nandu. Ita ta kayar da ni. Ina tsaye lafiya lau, ta janye ba ko sallama. Tun ranar nake tsoronta."

Ya durƙusa, ya dafa ƙafar da hannu biyu, ya baje mata yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"To ku shirya. Ba ki da wata. Danna diddige. Me kike ji?"

"Sanyin ƙasa."

"Sai me?"

"Wani mai surutu yana matsa mini yatsu."

"Sai me kuma?"

Ta rufe ido. "Tana nan," ta ce. "Ashe tana nan."

Ya miƙe ya ja da baya kaɗan. Ta ɗago hannu tana nemansa.

"Miƙo hannu."

"Ba ni da hannu yau. Na bar su a gida."

"Ɗan banza, kakarka ce fa!"

"Ranar da kika faɗi ba na nan, Ajji. Ki shaƙi iska, in za ki fitar ki taka ƙasa ki tashi."

Ita fuskarsa kawai take gani, yana ta murmushi. Ni da ke bayan katanga ina ganin hannayensa a baya, ya damƙe ɗaya da ɗaya don kada ya miƙa mata. Tausayinsu su biyun ya kama ni.

Ta dafa gwiwa. Ta yunƙura ta koma. Ta zagi ƙafar, ta zagi Vasu, ta zagi benen Bengaluru da wanda ya gina shi. Ta sake jan numfashi, ta danna diddigen, sai ga Ajji tana tasowa a hankali har ta miƙe cak. Ta gyara sarinta, dogon zanen da ta naɗa, kamar ba abin da ya faru.

"Kai kuma me ya shiga idonka?"

"Hayaƙin kicin ɗinki ne."

"Ban kunna wuta ba. Dubi malamin Jamusawa yana kuka!"

"Kin ci, Ajji. Na fasa sakin."

Ta yi dariya har sai da ta dafa kafaɗarsa. Sannan ta kwance bakin sarinta, ta ciro makulli ta danna masa a tafin hannu.

"Na ƙofar gida ne. Kada ka gaya wa ubanka na tashi, fuskarsa nake son gani ranar Lahadi."

"Makullin fa? Kin san zan shigo in cinye miki man shanu."

"Ka cinye. Yau na tashi, gobe ma zan tashi. Amma ranar da ban tashi ba, kai nake so ka buɗe ƙofar."