Annobar Kawu Darmaji

Ni ce mai riƙe da littafin tarihin gidanmu, inda ake rubuta haihuwa da rasuwa da duk wanda ya ɗaga sunan dangi. Na duba shi bango zuwa bango, ban ga mun taɓa yin masani irin Kawu Darmaji ba.

Kwas ɗin mataimakin ɗakin gwajin jini na shekara ɗaya ne. Kawu, saboda son ilimi, yana shekara ta uku. Abokan karatunsa sun yi gaggawa sun fita, shi ya tsaya ya ƙoshi. Da farar rigar aiki yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa jana'iza, har gonar shinkafa ya taɓa shiga da ita. 'Yan kasuwa suna ce masa Likita Saura Ƙiris. Ya ɗauka addu'a ce, yana amsawa da amin.

Idan aka kawo abinci sai ya ɗaga cokali ya duba a haske. "Ku miya kuke gani, mu ƙwayoyin cuta muke gani," in ji shi. Sannan ya ci kwano biyu, don kada su kama wani.

Bana aka tura shi asibitin gundumarmu sanin makamar aiki, ƙarƙashin Malama Ratmi mai ɗakin gwaji. Aikinsa uku: wanke kwalabe, manna suna, da tambayar masu gwajin sukari ko sun sa wani abu a baki, domin ba a yinsa sai ciki ba komai. Na ukun nan ya raina. An ce matambayi ba ya ɓata, amma Kawu ya ce, "Mai ilimi ba ya tambayar jahili. Sanar da shi yake yi."

Sai ga ranar gwajin maniyyata. Kakarmu Sarinem, mahaifiyarsa, shekara goma sha tara tana jiran kujerar Hajji. Sau uku tana sake ɗinka fararen kayanta, suna dafewa a kabad. Ita da tsofaffi goma suka zauna a benci tun sassafe, ba wanda ya karya, kamar yadda aka gaya musu. Aka kira Malama Ratmi wajen likita.

Kawu ya dubi bencin, bai ga masu gwaji ba, baƙi ya gani a gidansa. A nan tsibirinmu na Jawa baƙo ba ya zama ba shayi, shayinmu kuma kamar zuma. Da kansa ya tsallaka titi ya ɗauko buta.

"Iyayena, barkanku da zuwa ɗakina," in ji shi. "Ku sha, ku saki jiki. Jini ba ya son fargaba."

Baƙon kirki ba ya mayar da hannun mai gida. Suka sha. Kaka, don ta fitar da ɗanta kunya, ta ƙara. Malama ta dawo ta ɗebi jini.

Duka goma sha ɗayan sukarinsu ya yi sama. Da wani ne da ya rikice, Kawu kuwa ya gane ya gano annoba. Ya rubuta rahoto shafi huɗu, ya raɗa mata Cutar Darmaji, ya kai wa mai gari kwafi. Likita ya ƙi sa hannu a takardun maniyyatan, ga shi ranar Alhamis za a rufe sunaye.

Kaka ta dawo gida, ta kwashe fararen kayan daga akwati ta mayar kabad. Ko abinci ta ƙi ci. Kawu ya zo rarrashi. "Inna, ki gode Allah. Ɗanki ne ya gano."

Malama Ratmi ba ta karanta rahoton ba. Ranar Laraba ta hau babur ta zo gidanmu da tambaya ɗaya.

"Iya, ran nan kin sha wani abu kafin gwaji?"

"Wallahi ko ruwa, 'yar nan. Sai shayin da Darmaji ya ba mu. Kofi biyu. Yaro mai ladabi."

Malama ta dubi Kawu. Kawu ya dubi rufin ɗaki, inda ga alama ƙwayoyin cuta suka taru.

Alhamis da safe aka sake gwaji, bayan an tura Kawu bayan gini wankin kwalabe. Goma lafiya lau. Na sha ɗayan, Baba Kasmin, ya ce shi dama shekara takwas yana shan maganin ciwon sukari, da an tambaya da ya faɗa. Likita ya sa wa kowa hannu. Kawu ya samu damar zurfafa ilimi shekara ta huɗu.

Ranar walimar tafiyar Kaka, gidanmu ya cika. Kawu ya tashi cikin farar riga, ya gyara murya zai yi jawabi kan lafiyar matafiyi. Kaka ta miƙa masa buta.

"Darmaji, je ka haɗa wa baƙi shayi. Wannan kam ka iya. An auna a jinin mutum goma sha ɗaya."

Na rubuta a littafi.