Rasuwar Rami na Bakwai, na Filin Di'o

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya wadda ta fi shi nauyi, ni Muhammadu Lawal, shugaban leburorin filin gwalf na Di'o, Baturen mulkin Kazaure, nake sanar da rasuwar Rami na Bakwai. Ya rasu a daminar bana. Ranar ce ban sani ba, domin ban leƙa ba.

Marigayin bai nemi zuwa duniya ba. Di'o ya ce wasan dukan ƙwallo da sanda sai da rami tara, ni kuwa na zaga duwatsu da kwazazzabai, takwas kaɗai na samu. Don cike lissafi na gutsiri gonar gyaɗar tsohuwa Adda, na zuba yashi da baƙin mai, na binne gwangwanin madara, na kafa tuta.

Mai haƙuri ne, ba tudu ba kwari, bai taɓa sa Bature ya zagi kowa ba. Shi ya sa ba wanda ya yabe shi. Maganarsa ɗaya ce, "ƙwal", in ƙwallo ta faɗa, ita ma can ba a rasa ba.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da akuya ta cinye tutar, na ce gobe. Ruwa ya cika gwangwanin da laka, na sake cewa gobe. Da Adda ta zo da fartanyarta ta shuka gyaɗa a kansa, ina tsaye, na juya ina kallon dutse. Ni na haife shi, ni na bar shi ya mutu, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Ya bar 'yan'uwa takwas, ciki har da na Uku mai girman kai da ke bisa dutse, da na Tara da ke jin ƙamshin kicin ɗin bariki. Ko ɗaya bai tambaye shi ba. Di'o da kansa daga na Shida yake zarcewa na Takwas, yana fito.

Za a yi jana'iza bayan Adda ta cire gyaɗarta, ba kafin nan ba. Za a tono gwangwanin a ba ta ta riƙa awo. Masu ta'aziyya su zo ta bayan gona, su yi ta ƙasa-ƙasa, domin in Di'o ya ji, sai ya sa a tayar da mamacin, gyaɗar kuwa yanzu ta fara ƙwaya.