Babban Yatsan Kaka

"Lafiya lau, mijin da ba ya cefane. Yau kuma me ya ɓatar da kai har nan?"

Kaka na zaune gaban tsohon keken ɗinkinta tana laluben kafar allura, jikanta ya shigo da fayil a hammata. Shekara biyu ke nan shi da abokansa suna neman lasisin buɗe tashar talabijin ta dijital, gobe kuma za a rufe karɓar takardu. Ta ga ya rame, abin ya dame ta, amma ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

"Amarya, aron yatsanki na zo."

"Wanne? Duk goman suna da aiki."

"Babban. Kin tuna ranar da na ɗauke ki a bidiyo kina koyar da ɗinki? Shi muka kai wa hukuma a matsayin samfurin shirye-shiryenmu. Sun ce sai kin dangwala kin amince."

Ta ajiye allurar. "Tsaya tukuna. Ita hukumar me take rabawa?"

"Hanya a cikin iska. Kowace tasha da tata, kar su hau kan juna."

"Iskar ma an yanka ta filoti-filoti? To ni da nake shaƙa shekara saba'in da takwas ba takarda, kama ni za a yi?"

"An yafe miki. Sun ce saura kaɗan ki daina."

"Sai na ga furfurarka, ɗan nema. In na ƙi dangwalawa fa?"

"Su dawo mana da fayil. Sai kuma bayan shekara uku." Muryarsa ta sauka, wasan ya fita daga cikinta.

Kaka ta dubi yatsan nan da allura ta gama caccakewa. Wai manya na can ofis cikin sanyi, shi suke jira. Daɗi ya kama ta, tausayin jikan ma ya kama ta.

"Ashe tashar tawa ce, kai ɗan aike ne."

"Na yarda."

"Kuma duk gidan nan ka fi kowa muni."

"Ai wannan gado na yi... to, to, na yarda."

Ta tsoma yatsa a tawadar da ya zo da ita, ta jawo wuyan rigarsa, ta dangwala masa a tsakiyar goshi, sannan ta dangwala a takarda.

"Kai na fara bai wa lasisi. In sun tambaya, ka ce a gida aka tantance ka."

Ya rungumi fayil ya fita yana dariya, bai goge ba.