Ranar da Na Shayar da Mota Ruwan Buta

A wayar salula na ga wani Bature yana tada mota da iskar haidurojin da ya tatso daga ruwa. Kallo ɗaya na yi, na ce na gama karatu. Ni da na tsufa ina jan taksi tsakanin Konni da Malbaza, wa zai koya mini inji?

Na samo kwalba, na cika ta da ruwa, na sato cokulan uwargida, na haɗa su da wayar batir, na jefa kanwa. Ruwa ya hau kumfa. Na ja tiyo zuwa karbireta, na murza makulli, mota ta tashi. Sam ban tuna da ragowar esansin jiya, wato fetur, a tanki ba.

A tasha na bi masu sayar da esansi ina yi musu ban kwana, har da shawarar su koma noman albasa. Sannan na ɗauko surukina, waliyyin wata amarya a Malbaza, na sa shi gidan gaba don ya zama shaida.

Muna wuce Tsarnawa mota ta yi tari, ta mutu.

"Mi ya faru?" in ji shi.

"Ƙishirwa ce, Baba."

Na juye mata buta guda. Shiru. Tsoho ya tattare babbar rigarsa, ya haye amalanken jaki. Kafin ya isa, an shafa fatiha.

Har yau in na ɗauki buta a ƙofar masallaci, sai wani ya ɗaga murya: "Direba, alwala za ka yi, ko birnin Tawa za ka da ita?"