Ranar da Na Shayar da Motar Surukina Fetur

Ba zan taɓa mantawa da ranar Lahadin da na shiga Sabon Gari a saman tifar yashi ba, sanye da babbar rigata ta zuwa majami'a, hannu ɗaya a kan hula, ɗayan rungume da kwandon kayan haihuwa. Da yawa cikin waɗanda suka gan ni suna nan da ransu, kowa kuma da irin gishirin da yake ƙara wa labarin, don haka gara ku ji daga bakin mai shi.

Lokacin ban daɗe da yin ritaya daga aikin masinja a wata makaranta a Samaru ba. 'Yata ta fari (ba zan kama sunanta ba, mu haka muka taso) tana auren wani malamin sakandare mai suna Ishaya, suna zaune a Sabon Gari. Da cikinta na fari ya tsufa sai ta dawo gida goyon ciki, wurin uwarta Ladi.

Ishaya yaron kirki ne, amma tsakanina da shi akwai kunya mai kauri kamar katanga. In ya zo gaisuwa, tun daga ƙofar gida yake cire takalmi, ya durƙusa, ya kafa wa ƙasa ido. Ni kuma sai in kafa wa bishiyar mangwaron tsakar gida ido. Na fi sanin tsakiyar kansa a kan fuskarsa. Duk wata magana mai nauyi ta bakin Ladi take bi, ta je ta dawo.

Ana cikin haka aka tura shi kwas Jos. Kafin ya tafi sai ya kawo motarsa, wata tsohuwar Marsandi 'yar Kwatano mai ruwan toka, ya ajiye a gidana, don in naƙuda ta zo a kai matarsa asibitin haihuwar da take awo a Sabon Gari. Ya san na taɓa riƙe mota, wata ƙaramar Bitil da na sayar tun zamanin tsuke bakin aljihu.

Ya durƙusa ya miƙo makulli da hannu biyu, ya ce, "Baba, ga shi. Sai dai ita motar, wajen man nata..."

Nan take kunnena ya ba ni cewa kuɗin mai zai ba ni. Ni? In karɓi kuɗin mai a hannun suruki don in kai 'yar cikina asibiti? Na yi maza na tare shi.

"Ba komai, ba komai. Allah ya kiyaye hanya."

"To Baba, amma dai..."

"Na ce ba komai. Na riƙe sitiyari tun ba ka shiga firamare ba."

Ya ce, "Haka ne, Baba." Ya ja da baya ya sa takalminsa ya tafi. (Daga baya ya gaya wa matarsa cewa da ya ji wannan kurin sai ya ɗauka na riga na gane irin motar. Kun ji inda kuri ya kai ni.)

Tun ranar farko da na tayar da ita na ji tausayin yaron. Wata irin ƙara take yi, kwar-kwar-kwar, kamar injin niƙan Hayin Dogo. Na ce a raina, an cuci bawan Allah, ko dai an sayar masa da gajiyayyen inji, ko kuwa gurɓataccen mai yake sha a gefen hanya. Ban gaya wa kowa ba, don kada in tona masa asiri.

A nan kuma dole in faɗi gaskiya. Man da ya bari a ciki ya isa a je Sabon Gari a dawo har sau nawa. Amma mutum da Marsandi a ƙofar gida, ƙafarsa ƙaiƙayi take yi. Na je majami'a da ita. Na je taron dattawa da ita. Har gaisuwar rashin lafiya na je Bomo, wurin mutumin da mura kawai take damunsa. Kafin in farga allurar mai ta kwanta.

Ga shi kuma an shiga wahalar fetur irin ta shekarun nan, layi tun daga gidan mai har inda ido ya ƙare. Na yi tunani irin na masu hankali: in na sa motar a layi, naƙuda ta taso tana maƙale a tsakiyar motoci fa? Sai na ɗaure jarkoki biyu a bayan keke na tafi. Na sha rana tun hantsi har la'asar, aka ture ni, aka taka ni, kafin manajan wurin ya gane ni (yana cikin yaran da na yi wa shekaru ina kaɗa musu ƙararrawa) ya sa aka cika mini.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, duk tsawon wunin nan akwai wani famfo a gefe, ba kowa a gabansa, mai kula da shi har gyangyaɗi yake yi. Na gas ne, man manyan motoci. Na dube shi na ce, Allah sarki, masu tirela sun huta.

Da yammacin Asabar na yanke gindin robar ruwa na yi mazurari, na ɗura wa motar jarka biyu cif. Akwai wani rubutu a jikin murfin tankin, na gan shi, amma tabarauna yana ɗaki, mai gaggawar aikin alheri kuwa ba ya tsayawa karatu. Ladi ta leƙo ta ce, "Maigida, warin wannan ai ba irin wanda motar ta saba yi ba ne."

Na ce, "Mai kyau ke nan kika ji. Yau za ta san ta sha mai."

Washegari da ƙafa na je sujadar sassafe, wai ina tattali. Ina dawowa, ko riga ban cire ba, Ladi ta tare ni a zaure ta ce, "Lokaci ya yi." Aka kwantar da yarinyar a kujerar baya, uwarta a gefenta, kwandon kaya a gaba. Na murɗa makulli, mota ta tashi tsaf. Muka hau titi, ina ji da kaina kamar direban gwamna.

Mun wuce Palladan ke nan sai ta fara tari. Ta yi wata ƙwanƙwasa kamar ana dukan tukunya da muciya, ta yi gaba ta yi baya, farin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu. Na taka totur har ƙasa, ita kuwa sai ƙara sanyi take yi. Kafin mu kai Hanwa ta yi ajiyar zuciya ta mutu a gefen titi, kusa da rumfar wani mai faci.

Na murɗa, na sake murɗawa. Jama'a suka taru suka tura, a banza. Motocin haya kuwa, saboda rashin man, sai jifa-jifa, kowace ta zo a cike har ƙofa. 'Yan acaɓa biyu sun tsaya, amma wa zai ɗora mai naƙuda a babur? Na dubi madubi na ga yarinyar nan ta cusa bakin zaninta a baki tana cizo, gumi na zuba, ba ta ce uffan ba. Tun tana ƙarama haka take, ba ta kuka a gabana. Wannan shirun nata ya fi ihu tayar mini da hankali.

Na fita na buɗe bonet, don a ga ina wani abu. A Bitil ɗina, in ta ƙi tashi, filogi nake cirewa in goge in mayar. Na duba dama, na duba hagu, babu filogi ko ɗaya. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, an sace filogin motar nan!"

Daidai nan wata tifa ɗauke da yashi ta tsaya a bayanmu. Direban ya sauko, wani kakkauran mutum mai furfura a gemu, da tawul a wuya.

"Sannu Baba. Me ake nema?"

"Filogi."

Ya dube ni, ya dubi injin. "Filogi a motar gas?"

Ya zagaya ya buɗe murfin tanki, ya kai hanci, ya yi baya da sauri.

"Subhanallahi! Wa ya ɗura wa baiwar Allahn nan fetur?"

Shaiɗan ya raɗa mini in ce yaran gidan mai ne. Na buɗe baki ke nan sai muka haɗa ido da Ladi ta tagar mota. Wanda ya yi zaman aure mai tsawo ya san irin wannan kallon. Sai na ga hannuna ya ɗagu sama da kansa, kamar ɗan aji ɗaya.

"Ni ne."

"Da yawa?"

"Jarka biyu. Wuni na yi a layi."

Wani ɗan acaɓa ya fashe da dariya har yana dukan tankin babur. "Baba, ka sha layi don ka kashe mota? Ai da mu ka ba!" Mai faci ya ce, "Ga gas can ba mai saye, ko layin ƙuda babu!"

Sai na ji murya daga kujerar baya, a hankali, tsakanin numfashi da numfashi. 'Yata ce, wadda ba ta taɓa mayar mini da magana ba tun da aka haife ta.

"Baba... abin da maigidana yake ta so ya gaya maka ke nan."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Direban ne ya katse abin. Da ya leƙa ya ga halin da take ciki, ya daka wa masu dariya tsawa. "Kai, ku bar zancen mota! Ku kama mini, a sa ta a gaba." Aka tallafe ta aka ɗora a gidan gaba na tifar, uwarta ta hau ta riƙe ta. Wuri ya ƙare. Ya dube ni ya ce, "Baba, sai dai sama." Na danƙa wa mai faci amanar motar, 'yan acaɓan da suka gama yi mini dariya su suka tura ni ta baya har na hau.

Haka muka bi ta Kwangila, direba na danna ham, ni kuwa ina zaune a kan tulin yashi, iska ta cika babbar rigata kamar laima. Muka shiga Sabon Gari daidai lokacin da ake tashi daga majami'u. Duk wanda na taɓa sani a duniya, ranar yana bakin titi. Wani abokin wasana ya ƙwala mini kira, "Dattijo! Fansho bai isa ba ne, ka koma lebura?" Ban amsa ba. Addu'a nake yi, irin wadda ba ta da tsari, kalma ɗaya ake ta maimaitawa.

Ba mu daɗe da isa ba ta haihu, mace. Ungozomar, wata Bayarabiya mai faɗa, ta fito tana cire safar hannu ta ce cibiya ce ta naɗe wuyan jaririyar, da a hanya aka haife ta da labarin ya sha bamban. Na zauna a benci, yashi na zuba daga aljihuna. Na nemi direban in yi masa godiya yadda ta kamata, ya ce, "Baba, yashin mutane na jira," ya ja tifarsa. Ko sunansa ban tambaya ba, wannan ma yana cikin abin da nake nadama.

Saura sanar da mai mota. Na ce wa Ladi ta kira shi, kamar yadda aka saba. Ta ce, "Kai ka ɗura, kai za ka faɗa." Lokacin wayar hannu ba ta yawaita ba, sai na je wurin mai laima a bakin titi aka buga mini.

"Ishaya," na ce. Ranar na fara kiran sunansa a kunnensa.

Na yi masa albishir, na ji muryarsa ta karye. Ya tambayi matarsa, ya tambayi jaririya, ya sake tambayar matarsa. Sannan na ce, "Sai kuma maganar motarka. Man da na..."

"Ba komai, Baba, ba komai."

Na ji maganata ta dawo mini, da zafinta. Na ce, "A'a, da komai. Wannan ba komai ɗin ne ya kusa kashe mini jika. Bar ni in ƙarasa." Na faɗa masa duka, har da zuwa Bomo. Sai na ji wani sauti kamar atishawa. Dariya yake dannewa. Na ce, "Yi abarka, ɗana, kowa ma ya yi." Muka yi ta dariya tare, har mai laima ya fara nuna mini agogo.

Motar dai ta rayu. Wani makanike Inyamuri a Sabon Gari ya zuƙe tankin, ya wanke, ya canja matatar mai, ya yi kwanaki yana lallashin famfon injin. Ya ce in gode wa Allah tsohon ƙashi ce. Da ya tayar da ita na ji kwar-kwar-kwar ɗin nan da na raina, sai ya zame mini kamar waƙar zumuntar mata. Ashe lafiyarta ke nan.

Ishaya bai taɓa tayar mini da zancen ba har yau. Amma abin da kunya ta hana suruki, al'ada ta ba jika. Yarinyar nan ta girma, kuma ba ta da wani suna da take kirana sai "angona mai fetur". In na ce ta zuba mini shayi sai ta ce, "Tsaya tukuna, wanne kake sha? Kada inji ya buga."

Kunya ado ce, ban musa ba, da ita aka raine mu. Amma na gane ba ta tayar da mota, kuma rabin maganar da ka hana mutum faɗa, wata rana a bakin titi za ka ji ta, gaban jama'a. Shi ya sa yanzu in Ishaya ya zo gaisuwa, ko "ina wuni" kawai ya ce, nakan bar mangwaro in dubi fuskarsa in jira. In ya yi shiru sai in ce, "Ka tabbata ka gama?"